Mai Makulli, Wanda Ya Ƙwace Mini Tambayoyin 'Yata

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isa bakin ƙofar, yana tura kekensa da hannu, domin ya ce gangaren layin ya fi ƙarfin birkinsa. Sai ya jingine keken a bayan ɗakin sayar da tikiti, ya ciro makullai goma sha tara da ke zare ɗaya, ya fara buɗe tsohon gidan. Ba ya farawa da babbar ƙofa. Ta baya yake shiga, ya bi ɗakuna yana buɗe tagogi, na gabas tukuna, saboda katakonsu yakan kumbura da sanyin safiya, sai rana ta ɗan taɓa su suke yarda su buɗu. Duk bangon da ya wuce sai ya ɗora bayan hannunsa a kai ya ji ko danshi ya shigo. Daga nan sai tsintsiya, sai tsumma a kan gilasan da aka rufe kayan tarihi a ciki. Kafin ƙarfe tara, lokacin da ake barin baƙi su shiga, ya wanke hannu, ya sauya riga, ya sa ɗan ƙaramin littafi da biro a aljihun gaba, ya tsaya yana jiran mutane.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a haka. Ni takwas na gani da idona, sauran kuwa mai sayar da tikiti ce ta ba ni labari, ita da mai hoton da ke zama a gindin bishiyar ƙofar gidan. Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Manya Mai Makulli suke ce masa, yara su ce Baba Mai Makulli. Shi nake son in jinjina wa a nan. Amma gara in faɗa tun yanzu, na yi shekaru ina jin haushinsa, kuma ba zan rantse cewa haushin ya gama fita daga raina ba.

Ni direba ne, motar fasinja nake ja a dogon zango. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma da ƙyar na ga ƙarshenta. 'Ya'yana huɗu, ta ukunsu mace ce, na sa mata sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Uwata. Tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa da tambaya. Me ya sa hayaƙin mota yake baƙi, ina kogi yake zuwa, wa ya fara yin titi. Yayyenta sukan kore ta, mamanta ta ce ta je ta tambayi babanta. Ni kuwa ban taɓa korarta ba. Duk abin da ta tambaya sai na ba ta amsa, wanda na sani da wanda ban sani ba, domin a ganina uba ba ya cewa bai sani ba a gaban 'yarsa. Ina da tsoro guda a rayuwa, shi ne ranar da yarinyar nan za ta yi karatu ta wuce ni, ta waiwayo ta ga babu komai a kan babanta sai hanyoyi da ramukan da ke cikinsu.

Idan an yi hutun makaranta nakan ɗauke ta a kujerar gaba. Duk garin da muka sauke fasinja, kafin layi ya zo kaina, sai mu nemi gidan tarihi ko wani tsohon gini mu shiga. Ita ta fara neman haka, ni kuma na ga abu ne mai sauƙi. A waɗannan wuraren na zuba mata labarai iri-iri. In na ga takobi sai in ce na wani jarumi ne da ya kori mutum ɗari. In na ga tulu sai in ce a ciki ake ɓoye zinariya. Tana kallona ido buɗe, ni kuma ina jin kaina a sama.

Tana da shekara goma sha ɗaya muka fara shiga gidan da Mai Makulli yake aiki. Gidan wani attajiri ne na zamanin da, bene mai hawa biyu, da faffadar matakala ta katako, aka mayar da shi gidan tarihi. A ɗakin cin abinci akwai wani kabad da aka yi wa raga ta waya a gefe huɗu, ƙafafunsa kuma kowacce tana tsaye a cikin ɗan kwanon ƙarfe. Uwata ta tambaye ni mene ne, na ce kejin tsuntsaye ne, kwanukan kuma nan suke shan ruwa. Ban lura da tsohon da ke bayanmu da tsumma a hannu ba. Ita ta juya ta ce masa babanta ya ce keji ne, wane irin tsuntsu ake sawa?

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Abin da na sani, 'yata, kabad ne na ajiye abinci. Kwanukan nan ruwa ake zubawa a ciki don kada tururuwa ta hau. Amma ya yi kama da keji, ba babanki ne farkon wanda ya faɗi haka ba."

Bai yi dariya ba, bai ɗaga murya ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na sami abin riƙewa. Uwata ta sake tambayarsa wane abinci aka fi ajiyewa a ciki. Sai ya ce bai sani ba. Haka kawai, babban mutum da furfura, a wurin aikinsa, ya ce bai sani ba. Ya ciro littafin nan na aljihu, ya rubuta tambayar, ya tambayi sunanta ya rubuta a gefe, ya ce idan ta sake zuwa ta neme shi, watakila ya samo. Na ga yadda ta tsaya tana kallon biron yana tafiya a kan takarda. Ba ta taɓa kallona haka ba ko a ranar da na fi iya labari.

Muka kama hanyar komawa, muka yi nisa. Can ta ce, "Baba, takobin nan na wancan garin, ka sani ne, ko dai ka faɗa ne kawai?" Fasinjan da ke bayanmu yana ji. Na ce mata cikin faɗa ni ne zan yi mata ƙarya? Ta ce a'a, ta juya tana kallon taga. Daga ranar ba ta sake yi mini irin tambayoyin nan ba. Tana tambayata ko na ci abinci, ko yaushe zan dawo, ko in sa hannu a takardar makaranta. Amma na kogi da titi da takobi sun ƙare. Ta sayi ɗan littafi irin nasa, tana tara tambayoyinta a ciki, duk hutu kuma gari ɗaya take so a kai ta.

Ni nake kai ta. Ni nake sayen tikiti, in zauna a kan bencin da ke tsakar gidan, in ga 'yata tana bin wani mutum ɗaki zuwa ɗaki kamar jela, suna buɗe littattafansu suna gwadawa. Da na yi ƙorafi a gida, mamanta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce girmana ya faɗi, ina gasa da tsoho mai tsintsiya. Ta ce in da gaske abin ya dame ni in daina kai ta mana. Na gwada sau ɗaya, na ce mota ta cika. Uwata ba ta yi gardama ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta shige ɗaki. Ban ji daɗin tuƙin ranar ba, hutu na gaba kuma na ajiye mata kujerarta tun kafin ta tambaya.

A zaman bencin nan na fara tonon asirinsa, ina neman aibi. Na fara da mai hoto, domin masu hoto sun san kowa kuma ba sa ƙin magana. Na ce masa tsohon nan dai ya iya sayen zuciyar baƙi. Ya ce in da sayen zuciya ya iya da yanzu ba shara yake yi ba. Ya ba ni labarin wani babban mutum da ya zo da motoci uku da masu ɗaukar hoto nasa na kansa. Mutumin ya tsaya a ɗakin sama ya ce kakansa aminin mai gidan ne, a ɗakin nan yake kwana in ya zo, ya kuma nemi Mai Makulli ya tabbatar a gaban na'ura. Shugaban gidan tarihin yana gefe yana yi masa ido. Mai Makulli ya ce, ranka ya daɗe, bai gani a rubuce ba, bai kuma ji daga tsofaffin unguwa ba, don haka ba zai ce an yi ba, ba zai ce ba a yi ba, amma zai rubuta ya bincika. Ya ciro littafinsa ya nemi sunan kakan. Mai hoto ya ce wata biyu aka hana shi zagayawa da baƙi, aka bar shi da tsintsiya kawai, har sai da malaman makarantu suka fara tambaya ina tsohon nan yake.

Na koma wajen mai sayar da tikiti, ina cewa mace ba za ta rasa abin da ta gani ba. Ita kuma sai ta ba ni labarin wata tsohuwa makauniya da jikokinta suka kawo, suka zaunar da ita a benci za su shiga su bar ta, wai me za ta gani. Mai Makulli ya hana. Ya kama hannunta ya ɗora a kan sassaƙar babbar ƙofa, ya bi da yatsunta a kan kowane fure, ya hau da ita matakala tana shafa ƙarfen riƙewa, ya kai ta bakin tagar sama ta ji yadda iska ke ratsa gidan. Ta ce tsohuwar ta fito tana gyara wa jikokinta bayani. Na tashi daga wajen matar nan na fi yadda na zo jin haushi. Mutum ya je neman laifi, a cika masa kunne da alheri.

Sai na ce bari in kama shi da kaina. Na zauna na ƙirƙiro tambayar da na tabbata babu mai amsarta, ina so ya ji kunya ya yi ƙarya a gaban Uwata ko da sau ɗaya, mu zama ɗaya ni da shi. Muna tsakiyar matakala na ce, to malam masani, katakon nan daga wane daji aka saro shi? Ya tsaya ya shafa katakon, ya ce tambaya ce mai kyau, shekara ashirin da wani abu yana goge shi bai taɓa tunanin haka ba. Ya ce bai sani ba. Ya rubuta, ya sa "Direba" a gefe.

Bayan wata huɗu muka dawo, ni na ma manta. Tun daga ƙofa ya tare ni da fara'a kamar na ci kyauta. Ya ce ya nemo wani tsohon kafinta ya kawo shi ya duba, kafintan ya ce katakon ya riga ya yi wani aiki kafin a yi matakala da shi. Ya sa muka durƙusa a ƙarƙashin matakalar, ya haska mana wasu manyan ramukan ƙusa da ba su riƙe da komai. Ya ce kafintan yana zaton na tsohuwar gada ne da aka warware, amma zato ne, dajin kuwa har yanzu bai sani ba. Uwata ta cika shafi biyu tana rubutu. Da muka fito ta ce masa ya ga babanta ma ya iya tambaya. Shi ta gaya wa, ni ina tsaye a gefenta da ƙura a gwiwar wando.

Kai ne, Mai Makulli, ka mayar da tarkon da na ɗana maka ya zama aikin wata huɗu, ka kawo mini amsa da hannu biyu. Ban gode maka ba a ranar. Na ce maka rana tana yi, fasinja suna jira.

Akwai wani ɓangare na gidan da ba a shiga a lokacin, can baya, bayan kicin. Ɗakunan masu aikin gidan ne a da, aka mayar da su wurin jibge karyayyun kujeru da tsofaffin alluna. Mai sayar da tikiti ta ce wata 'yar makaranta ce ta taɓa tambayarsa wa ke share wannan ƙaton gida a zamanin mai shi, a ina kuma yake kwana. Ta ce ranar bai ci abincin rana ba. Shi mai shara, yana ta ba da labarin attajiri da baƙinsa da agogonsa, bai taɓa tambayar wa ya riƙe tsintsiya kafin shi ba. Daga nan ya fara kwashe tarkacen da kansa, kujera ɗaya yau, allo biyu gobe, a lokacin hutunsa. Ya rubuta wa hukumar gidan takarda ya fi sau goma kafin su yarda a buɗe wa baƙi.

Uwata tana da shekara goma sha shida aka buɗe. Ranar da muka je ya ce yau har da ni, ba zaman benci. Muka wuce kicin, muka bi wani siririn lungu, ya buɗe ɗakin wanki. Ɗaki ne mai ƙaramar taga, da kwamin siminti a jikin bango, da murhu a kusurwa inda ake dafa ruwa da hura gawayin dutsen guga. A bangon da ya fi nisa da murhun, ƙasa-ƙasa, bai kai gwiwa ba, akwai wani zoben ƙarfe da aka kafa. Ya nuna wa Uwata, ya ce wannan shekara tara ke nan yana cikin littafinsa. Ya yi ƙasa da yawa a ce na igiyar shanya ne. Wasu sun ce na ɗaure dabba ne, amma wa zai ɗaure dabba a inda ake wanke fararen kaya? Ya tambayi masu ilimi uku, kowa da nasa zaton.

Ni na sani. Tun kafin ya nuna na gan shi, ƙafata ta ƙi wuce bakin ƙofa.

Mahaifiyata wanki da guga ta yi a gidan masu hali, a wani gari daban, shekara goma sha huɗu. A irin wannan ɗakin na yi wayo. Ba a taɓa barinmu mu wuce ƙofar kicin ba, shi ya sa ban san kabad ɗin abinci ba sai na kira shi keji. Mai wanki ba ta da mai riƙe mata yaro, ga tafasasshen ruwa, ga garwashi, ba ta kuma iya sunkuyo a kwami yini guda da goyo. Sai ta ɗaura wa mai rarrafe zane a ƙugu ta ɗaure ɗaya bakin a zoben, daidai tsawon da ba zai kai murhu ba. An ɗaure ni a irinsa, na kuma ga an ɗaure ƙanwata. Tabon da ke hannuna na hagu, wanda na gaya wa 'ya'yana ruwan lagireton mota ne ya ƙona ni, na ranar da ƙullin ya kwance ne. Su kuwa abin da suka sani, kakarsu 'yar kasuwa ce mai sayar da yadi. Ni na gaya musu haka, ta rasu kafin a haifi ko ɗaya, babu mai ƙaryata ni.

Na ce zafi ya yi yawa a ciki, na koma benci. Bayan ɗan lokaci ya fito shi kaɗai, ya bar Uwata tana zana ɗakin a littafinta. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, yana juya makullansa. Ya ce, "Direba, ka san zoben nan." Na ce ina zan san shi, ni da ban gama firamare da kyau ba. Ya ce mutum nawa ya kai ɗakin nan, kowa yana shiga ya sunkuya ya leƙa, ni kaɗai na tsaya a ƙofa na riƙe hannuna. Na ɗauka zai ciro littafin nan.

Bai ciro ba. Ya ce, "Na jira shekara tara, zan iya ƙarawa. In ka tashi faɗa, ba ni za ka fara gaya wa ba." Ya nuna lungun da haɓarsa, ya tashi ya tafi tarar wasu baƙi.

Kai ne ka ga amsar da ka fi so a duniya tana zaune a gefenka, ka ƙi miƙa hannu. Na san yadda kake da littafin nan, na ga yadda kake murna in ka ja layi a kan tambaya. Da ka matsa mini kaɗan da na faɗa maka, don in huta, kai kuma ka gaya wa Uwata a matsayin abin da wani baƙo ya ce, ta rubuta a littafinta ta ƙara ganin girmanka. Ka bar wannan. Ko a lokacin ban ga alherin ba. Abin da na gani shi ne, yanzu ba 'yata kaɗai ka riƙe ba, har da sirrina.

Shekara guda na yi ina ɗauke da maganar. Mun je gidan sau biyu a tsakani, bai taɓa yi mini ko kallon tuni ba. Ya gaishe ni, ya tambayi hanya, ya wuce da ita. Ni kuwa ina auna abu biyu. In na faɗa, ta san ƙaryata ba ta tsaya a kan takobi da tulu ba, ta kai har kan matar da take ɗauke da sunanta. In na yi shiru, ga ta ta gama sakandare, ta sami gurbin karatun tarihi a jami'a, za ta tafi da abin da ta riga ta yanke a kaina tun tana shekara goma sha ɗaya, ba kuma za ta dawo kujerar gaba ba.

Saura mako biyu ta tafi, muka yi tafiyar ƙarshe. Da rana tsaka taya ta yi faci a wani ƙauye, fasinja suka watse neman inuwa, mai faci yana aikinsa, mu biyu muna zaune a kan wani kututture. Ban shirya ba. Na naɗe hannun rigata na nuna mata tabon, na ce ba lagireto ba ne. Na faɗa mata duka, ban gyara komai ba, har da yadda hannun mahaifiyata yake tsagewa saboda sabulu, har da cewa ba ta taɓa sayar da yadi ko ƙyalle ba.

Ba ta rungume ni ba, ba ta yi kuka ba. Ranta ne ya ɓaci. Ta ce shekara nawa tana rubuta 'yar kasuwa a duk inda aka tambaye ta aikin kakarta, ta ce me matar ta yi mini da zan ji kunyarta. Wannan karon ban ƙirƙiro amsa ba. Aka ɗaura taya muka tashi. Mun wuce garuruwa biyu tana kallon taga, ni ina kallon titi ina cewa a raina shi ke nan, na ƙarasa abin da ya rage.

Muna gangara wata gada ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba, wane irin ƙulli take yi, da har ya kwance?"

Shekara shida rabon da ta yi mini irin wannan tambayar. Na rage gudu don idona ya cika. Na ce in mun tsaya zan nuna mata da ɗankwalinta. Ta tambayi tsawon zanen, ta tambayi ko muna kuka, ta tambayi me mahaifiyata take ba mu mu yi wasa da shi, na ce murfin gwangwani da guntun sabulu. Ta ciro littafinta tana rubutu motar tana girgiza. Ina cikin jin daɗin da ban taɓa ji ba sai ta rufe littafin ta ce lallai gobe mu je mu gaya wa Baba Mai Makulli, zai yi murna. Ko awa ɗaya ba a bar ni na ci abina ni kaɗai ba.

Mun je. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na nuna masa ƙullin a jikin zoben, wannan karon na shiga ɗakin. Sannan ya rubuta ɗan bayanin da aka liƙa a bangon, yana nan har yau. Ya ce wani direba da mahaifiyarsa ta yi aikin wanki a wani gida irin wannan ya shaida cewa a can, a irin wannan zobe ake ɗaure yara masu rarrafe don kada su kai ga wuta, mai yiwuwa nan ma haka ne. Na ce masa wane irin mai yiwuwa, ga tabo a hannuna? Ya ce tabon na wancan gidan ne, na wannan bai ga wanda aka ɗaure ba. Uwata ta goyi bayansa. Ko a nan bai ba ni cikakken maki ba, kuma na san da ya ba ni da ba shi ba ne.

Yanzu tana shekara ta biyu a jami'a. Takan kira ni a waya ta tambayi abubuwan da ba su cikin littattafansu: yadda ake gane garwashin da ya isa guga, me masu aiki suke kiran uwar gida in ba ta nan, ta wace ƙofa muke shiga. Wasu na sani, wasu na manta, in na manta in ce na manta. Na kuma san tana kiransa shi ma, na san wani lokaci shi take fara kira. Mamanta ta ce in daina bincike, ni kuma ban daina ba.

Ranar da ya ajiye aiki babu wani babban taro. Ma'aikatan gidan ne, da mai hoto, da malamai kaɗan, da mu. Ya miƙa makullan goma sha tara, ya kuma miƙa littattafansa na aljihu, guda ashirin da shida, a cikin kwali, ya ce tambayoyin da ba a ja wa layi ba sun fi waɗanda aka ja wa yawa, wanda ya gaje shi ya ci gaba. Shugaban gidan ya yi jawabi ya kira shi mai gadi. Ni ban yi magana ba, ban iya magana a taro ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Mai Makulli, mabuɗin ɗakunan baya, na gode. Na gode da ba ka rufa mini asiri da ƙarya a gaban kabad ba, na gode da ka rufa mini shi da shiru a kan benci. Allah ya ba ka lafiyar hutawa, ya sa gwiwoyin da suka hau matakalar nan shekara talatin da ɗaya su ɗauke ka wasu shekarun masu yawa. Ku da kuke aiki a irin waɗannan gidaje, ku da kuke koyarwa, da mu iyaye da ake yi wa tambaya a mota da kan tabarma, ga mutum nan ku duba. Ku sayi ɗan littafi ku sa a aljihu. Ku kai 'ya'yanku su ga ɗakunan gaba, ku kuma nemi a buɗe muku na baya, kada ku zauna a benci irin zaman da na yi.

Uwata ta ce hutun nan za ta je gidanka ta gaishe ka, ta ma ce ta san motar da za ta hau, ba sai na wahala ba. Na ce mata babu wannan maganar. Ni zan kawo ta, zan zauna a inda zan ji duk abin da kuke cewa, kuma in an gama ni zan mayar da ita gida.